Ƙafar Shalbiya

Abin da ya kai Shalbiya birnin Binzart ƙafa ce, ba kuskus ba. A fara riƙe wannan, don har yau akwai masu cewa kwaɗayin abincin birni ne ya sauko da ita daga dutse.

Ƙaya ce ta soke ta a ƙasan babban yatsa tana koro saniya daga rafi. Da ma tana da ciwon suga, sai wurin ya ƙi rufewa. Malamar asibitin da ke zuwa ƙauyenmu ranar kasuwa ta duba, ta matsa, ta shinshina audugar, ta ce, "Inna, wannan ya fi ƙarfina. Ni aidin da bandeji ne kawai a jakata. Ki sauka birni likita ya gani, kada ki bari makon nan ya fita."

Ƙauyenmu Jumin da Binzart jiha ɗaya ce, gwamna ɗaya ke mulkinsu. Amma a can gida guda albashi biyu ke shigarsa, wani ma uku. A nan gida guda saniya ɗaya ce, sai abin da mata suka samo a gonakin mutane. A can kowane layi da kantin magani. A nan mai ciwo sai ya fara samun ɗan'uwa a birni kafin ya sami likita.

Shalbiya tana da nata. Lutfi ɗan wanta ne, ma'aikacin ofis a tashar jiragen ruwa, a bayanta ya yi wayo bayan rasuwar uwarsa. Hadda, ƙanwar Shalbiya, ta kira shi a waya, ai kuwa washegari sai ga motarsa ta hawo dutse. Mata suka fito suna sa masa albarka, ana cewa ɗa ya yi halin 'ya'ya.

"Gwaggo, ki kwantar da hankalinki," in ji shi a hanya. "Babban likitan ƙafa abokina ne, tare muke shan kofi. Ko layi ba za ki bi ba."

Matarsa Ulfa, mai aiki a banki, ta tarye ta a bakin ƙofa da sumba a kumatu hagu da dama. "Gwaggo, wallahi Allah ne ya kawo ki!" Sai da Shalbiya ta shigo ta ga dalilin murnar. Buhunan tsakin alkama ne jibge a zaure, wani kan wani har kusa da taga. Lokacin ula ne, aikin nan na tsakiyar zafi da ake murza kuskus na shekara guda, a turara a madambaci, a shanya a saman bene. Bana kuma ba na shekara kaɗai ba ne. Za a aurar da Sirin, 'yarsu ɗaya tilo, a ƙarshen zafi, kuma dangin ango mutane ne masu ƙasaita, ba a kai musu kuskus ɗin kanti.

Da can mata ake tarawa, dangi da maƙwabta, ana murza ana waƙa. Yanzu matan birni suna ofis.

"Albarka kawai za ki sa mana," in ji Ulfa. "Ki buɗe mana buhun farko, shi ke nan. Hannunki ba irin namu ba ne, mu alƙalami ya lalata mu. Jibi in Allah ya so sai likita."

Shalbiya ta ga ba wani abu ba ne. Ta hau benen nan hawa uku tana dafa bango, ta zauna ta miƙe ƙafar, ta jawo akushi. Ta yi bisimilla, ta zuba tsaki, ta yayyafa ruwan gishiri, ta sa tafin hannu tana juyawa har ƙwayoyin suka fara tashi. Da ta tankaɗe na farko a rariya, Ulfa ta rangaɗa guɗa, ta ɗauki hoto da waya.

Jibi ta zo. Shalbiya ta sa rigarta mai kyau tun da safe, ta ɗaura mayafi, ta zauna tana jira. Ulfa ta hawo da kofi da burodi, ta tsaya tana kallonta.

"Ina za a kuma, Gwaggo?"

"Wurin likita. Ba yau ba ce?"

"Ayya, Lutfi bai gaya miki ba? Mutumin ya tafi hutu. Kin san su da zafi, duk bakin teku suke gudu." Ta ajiye farantin. "Kuma Gwaggo, ke da kika fi ni sanin al'ada. Hannun da ya buɗe ular biki ai ba a canza shi. In wata ta karɓa a tsakiya, auren ba ya zama. Ko so kike a dawo mana da Sirin da akwatinta?"

Shalbiya ta san maganar, a bakin uwarta ta fara jin ta. Abin da ba ta taɓa zato ba shi ne ta ji ta a bakin Ulfa, wadda bara a ƙauye ta yi dariya har da riƙe ciki da ta ga laya a wuyan saniya. Ta cire rigar ta ninke, ta jawo akushi.

Daga ranar aka mayar da shimfiɗarta ɗakin wanki da ke saman benen. Wai don a hutar da ita hawa da sauka. Da asuba ta fara murza, kafin hantsi ta ɗora madambaci a kan murhun gas, ta juye, ta fasa gudaji da hannu yana ƙona ta, ta ja jiki ta baza a kan fararen zannuwa. Da rana simintin yakan yi zafin da ko kaza ba ta iya taka shi. Daga inda take zaune tana hango teku, da jirage, da gadar da ake ɗagawa, tana jin injin sanyaya ɗaki na gidan yana ta huci a bango ƙarƙashinta.

Yatsan ya kumbura. Jan ya haye bayan ƙafa. Lutfi ya aiko da man shafawa da ƙwayoyi daga kantin magani, bai hawo ya ga abin da ya saya wa maganin ba. Duk ranar da ta aika a tambaye shi, amsar takan hawo tare da abinci. Litinin. An ce na'urar hoto ta lalace. Alhamis. Motar tana wurin gyara. Makon gobe dai, Gwaggo.

Sai wurin ya fara wari.

Ulfa ce ta fara ji. Ta tsaya a tsakiyar shanya ta ɗaga hanci. "Ɓera ne ya mutu a nan?" Idonta ya sauka kan tsumman da ke ƙafar Shalbiya, wanda ruwa ya ɓata. Ta sauka da sauri. Shalbiya ta ce a ranta, to, yau kam za a kira mota. Sai ga Ulfa ta dawo da baƙar leda da kaskon turare.

"Ɗaura wannan a kai, Gwaggo, don Allah. Abinci ne fa. Kuma ki riƙa juya ƙafar can, kada ta taɓa zanin."

"Ulfa, leda a wannan zafin? Dafuwa za ta yi."

"Kwana nawa ne? Ai an ci rabi."

Ta ɗaura.

Hadda takan kira kusan kullum. "Yaya, an ga likitan?" Shalbiya ta dubi buhunan, ta dubi Ulfa da ke tsaye kamar tana gyara shanya. "Ana ta magani, alhamdu lillahi. Yaron yana ƙoƙari." Ta kasa faɗa. Ita ta goya shi, ita ta riƙa yi wa matan ƙauye alfahari da shi. In ta ce ya mayar da ita jakar aiki, sunan wanta marigayi ne zai zube a bakin rijiya. Da bakinta ta rufa musu asiri, kuma wannan ya fi komai cin ta daga baya.

Wata rana da la'asar Lutfi ya hawo duba tankin ruwa. Ta kira shi.

"Lutfi, zo nan. Zo ka duba da idonka."

Ya tsaya daga nesa, hannu a aljihu. "Gwaggo, kin san ni ba na iya kallon ciwo. Jiri nake yi."

"Lokacin da ƙyanda ta fito maka ni ban yi jiri ba."

"Haba, Gwaggo. In na kai ki yau kwantar da ke za su yi, na san halinsu. In sun kwantar da ke wa zai ƙarasa? Kin ga Ulfa ba ta barci saboda bikin nan. Sirin 'yarki ce fa, ba ta wani ba."

"Ƙafar ma tawa ce, ba ta wani ba."

Ya yi dariya, irin ta lallashin yaro. "Ku mutanen dutse ai ƙarfe ne. Ɗan wannan ne zai kayar da ke? Kakarmu a gona ta haihu, ta tashi ta ci gaba da girbi."

"A gonar kuma ta mutu. Ba a ba ka wannan rabin ba?"

Ya ƙwanƙwasa tankin, ya ce ruwa ya yi ƙasa, ya sauka.

Ana cikin haka maƙwabciya ta shigo cikin lamarin. Lalla Najiba, matar wani tsohon ma'aikacin kwastan, mai awarwaron zinariya har gwiwar hannu. Ta hawo tana haki, ta ɗebi kuskus ta murza a yatsa, ta ce, "Kai! Ulfa, ina kika samo wannan hannun? Kamar yashin teku. Ara mini ita mana, buhu biyu ne kawai, tunda hannu ya riga ya ɗumama."

"Ai gwaggon Lutfi ce, ba ta son zama haka nan. In ba aiki ciwo take yi."

Aka hawo da buhunan Najiba. Ba wanda ya tambayi mai hannun.

Najiba takan zo ta zauna a inuwar tanki da mafici, wai tana taya hira. "Wallahi Hajiya, ku kuka more. Can wurinku me ake saya? Ƙwai kyauta, nono kyauta, iska mai kyau. Mu nan albashi kafin ya shigo ya fita. Wuta, ruwa, makarantar jikoki, ga mai aikin gida ta ƙara kuɗi. Da ina da hali da can zan koma."

"Ki zo mana," in ji Shalbiya, hannunta bai tsaya ba. "Akwai ɗaki. Ruwa yana gangare, jarka biyu a baya. Ki taho da awarwaron, in ciwo ya kama ki mu sami na mota."

Najiba ta ƙyalƙyale. "Ulfa, gwaggon nan taku akwai baki!" Sai ta toshe hanci da gefen mayafi. "Amma ƙafar nan ya kamata a gani. Me ya sa ba ku kai ta wurin Si Munsif, likitan ƙafa, ba? Ga shi nan a hanci."

"Yana hutu," in ji Shalbiya.

"Wane hutu? Mutumin da kullum nake ganin fitarsa da safe? Bana ai bai je ko'ina ba, matarsa ce ta haihu. Kin ga gidan can mai shuɗiyar ƙofa da itacen lemo? Nasa ne. Shekaranjiya ma na gan su da Si Lutfi a shagon kofi."

Ulfa ta ce shayi yana kan wuta, ta sauka. Najiba ta ga kamar ta taka wani abu, ta bi bayanta.

Shalbiya ta daɗe tana kallon shuɗiyar ƙofar. Gida huɗu ne tsakani. Da ta yi ihu daga nan da ya ji.

Ba ta yi ihu ba. Da suka tafi ta kwance ledar. Yatsan ya yi baƙi ƙirin, na kusa da shi ya bi sahu, baƙin yana hawa. Ta sa farce ta danna. Ba ta ji komai ba. Kwanaki ke nan tana gode wa Allah wai zafin ya ragu. Yanzu ta gane. Ta taɓa ganin haka a ƙafar wani tsoho a ƙauye, ta kuma san yadda ya ƙare. Ba ta yi kuka ba. Ta mayar da ledar, ta ɗaure tamau, ta jawo akushi.

Daga ranar ba ta sake tambayar likita ba. Ulfa ta ce wa mijinta, "Ka gani? Maganin ya karɓe ta." Zazzaɓi yana kaɗa ta, haƙoranta suna haɗuwa a tsakiyar rana, amma ta murza, ta turara, ta baza. Ba ta taɓa yin aiki mai kyau irin na kwanakin ba. Wanda ya bushe aka tara a manyan buhunan zane a ɗakin wanki. Da buhun ƙarshe ya ƙare, ta ce wa Ulfa, "A fito da duka a ba shi rana ɗaya tare kafin a ɗure. Haka ake wa na biki." Ulfa ta ji daɗi, ta sa aka zazzage komai. Benen ya cika daga bango zuwa bango, nasu da na Najiba, rawaya kamar an shimfiɗa zinariya.

Shalbiya tun safe ta ji iskar ta juya. Bayan azahar mutanen gida suka rufe tagogi suka kwanta a cikin sanyinsu. Hadari ya taso daga yamma, daga wajen duwatsunmu, baƙi, yana tafe a hankali. Irin ruwan nan ne na ƙarshen zafi, mai zuwa sau ɗaya kamar da bakin ƙwarya. Akwai lokacin da za a kira mutane a kwashe, har a sha shayi.

Ta ja jiki da gwiwa da tafin hannu har bakin ƙofar bene. Ƙofar ƙarfe ce, sakatarta tana ta ɓangaren shanya. Ta tura ta, ta ji ta shiga. Ta dawo ƙarƙashin tanki ta zauna, ta gyara mayafinta.

Ɗigon farko ya faɗi a kan zani da ƙara. Sai sama ta buɗe.

Kuskus ya sha ruwa ya kumbura, ya taso daga kan zannuwan, ya bi gangaren siminti kamar kunu. Ya toshe magudana, ruwa ya taru har idon sawu, sannan ya ɓalle ta bututu ya riƙa amayowa a titi. Ta ji gudu a matakala. Ta ji Ulfa tana dukan ƙofa da hannu biyu.

"Gwaggo! Gwaggo, buɗe! Shanya! Lutfi, ta kulle! Gwaggo, don girman Allah!"

"Gwaggo, ki buɗe ƙofar nan!" Muryar Lutfi ce.

"Ana zuwa," in ji Shalbiya, ba ta ɗaga murya ba. "Litinin."

Sai da aka kira maza daga maƙwabta da ƙarfen cire taya. Kafin ƙofar ta buɗe ruwan ya fara tsagaitawa. Suka shigo suka tsaya cikin taɓon alkama. Ulfa ta durƙusa tana kwasa da hannu yana zubewa ta tsakanin yatsunta. "Abincin 'yata! Kin kashe ni, muguwar tsohuwa! Mun ci da ke, mun sha da ke!" Najiba tana bayanta tana salati tana kiran buhunanta.

Lutfi ya zo kanta. "Me kika yi? Me muka yi miki?"

"Na gama ula," ta ce. "Ni na buɗe, ni na rufe, ba a canza hannu ba. Yanzu sai ka kai ni."

Ta sunkuya ta kwance ledar a gabansu.

Mazan suka ja da baya. Wani ya juya ya yi amai a jikin bango. Mijin Najiba, dattijo mai farin gashi, ya cire hularsa. "Inna lillahi. Si Lutfi, tun yaushe matar nan take haka a saman kanka?"

Lutfi ya ja gefe. Maƙwabtan ne suka ɗauko ta a cikin bargo suka sauko da ita.

A asibiti wata likita ce matashiya ta karɓe ta. Ta buɗe, ta rufe, ta juyo. "Wa ya zaunar da ita har ta kai haka?"

Shalbiya tana kwance a kan gadon turawa, idonta a rufe, amma kunnenta biyu. Ta ji Lutfi ya rage murya.

"Likita, kin san mutanen ƙauye. Tsoron asibiti gare su. Mun yi, mun yi, ta ce ita sai ganye. Da ƙyar muka shawo kanta yau."

"Kullum haka suke," in ji likitar, ta ja tsaki.

Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Da ta farfaɗo Hadda ce a gefenta, da ƙurar hanya a zaninta. A nan Shalbiya ta faɗa mata komai, tun daga buhun farko, ba ta rage ko ɗaya ba. Hadda tana ji tana cizon gefen mayafi. Lutfi bai zo ba, hidimar biki ta sha kansa. Ya aiko da lemo da madara.

Wani ma'aikaci ya leƙo ya ce ƙafar tana ɗakin sanyi, an naɗe ta, sai dangi su zo su karɓa a kai maƙabarta kamar yadda ake yi.

"Zan tafi da ita gida," in ji Hadda. "A sa ta kusa da kabarin Inna."

"A'a." Shalbiya ta kamo hannunta. "Yaushe ne walimar?"

"Asabar, in ji su."

"To ta jira Asabar. Ta saba jira." Ta numfasa. "Namiji ke kai gawa, Hadda. Ni kuwa namiji ɗaya gare ni a garin nan."

Ranar Asabar an kafa rumfa a layin, an toshe titi da kujeru. Masu ganga da algaita suna aiki, ana ta fito da manyan faranti na kuskus ɗin kanti da naman rago. Lutfi yana bakin rumfa cikin sabuwar kwat da fure a ƙirji yana gaisawa da baƙi. Sai ga Hadda ta ratso tsakiyar kujeru da jan zaninta na dutse da takalmin roba, rungume da farin ƙunshi kamar mai ɗauke da jariri.

Ya gan ta, ya taho da sauri yana murmushin dole. "Gwaggo Hadda, sannu da zuwa. Ki zagaya ta baya wurin mata, a zuba miki."

"Ban zo ci ba. Saƙo na kawo."

"To ba ni, a ajiye wurin kayan amarya."

"Ba na amarya ba ne, naka ne." Ta ɗaga murya yadda take kiran shanu daga wancan tsauni. "Jama'a, ku shaida! Wannan ƙafar Shalbiya ce, gwaggon mai gidan nan, wadda ta goya shi. Ganin likita ta zo yi, suka ɗora ta a bene tana murza muku kuskus har ƙafar ta ruɓe a cikin leda. Likitan kuwa ga gidansa can, mai shuɗiyar ƙofa. Ta ce a kawo wa ɗanta ya kai maƙabarta."

Algaita ta yi wani irin kuka ta mutu. Mutane suka ajiye cokula. Ulfa ta fito daga cikin mata da kwalliyarta tana cewa, "Mahaukaciya ce, ku fitar da ita! Baƙin ciki ne irin na 'yan ƙauye!" Ba wanda ya motsa.

Lutfi ya matso yana raɗa. "Don Allah, Gwaggo, ki rufa mini asiri. Gobe da sassafe, wallahi, ni da kaina."

"Goben nan taka ce ta cinye ta. Miƙo hannu."

Ya waiga yana neman wanda zai cece shi. Idonsa ya faɗa kan uban ango, wani alhaji mai jar hula da carbi. Alhajin ya miƙe tsaye a hankali.

"Si Lutfi, karɓi. Ba a barin jikin Musulmi a tsaye a titi ana kiɗa." Ya dubi mazan da ke kusa. "Ku tashi mu raka shi."

Ya karɓa. Da ƙafa suka tafi, shi a gaba da furensa a ƙirji, ƙunshin a hannunsa, maza suna biye suna hailala, mata suna leƙe ta tagogi tun daga layin har bakin maƙabarta. Abincin ya huce a faranti.

Hadda ta koma asibiti kafin magariba. Shalbiya ta buɗe ido.

"Ya ɗauka?"

"Ya ɗauka."

"Da hannunsa?"

"Da hannunsa biyu, Yaya. Har ya shiga ramin."

"Ya yi jiri?"

"Bai samu dama ba."

Shalbiya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ita ce dariyarta ta ƙarshe da wani ya ji. Gubar ta riga ta shiga jini, yankan bai tare ta ba. Ba ta kai tsinkar zaitun a farkon sanyi ba.

Mun binne ta a Jumin, a kan tudu, inda sai an haƙa da diga saboda dutse. Ƙafarta tana can Binzart cikin masu albashi, a maƙabarta mai katanga da famfo da itatuwa, tana kallon teku. Mace ɗaya, jiha ɗaya, kabari biyu.

An ɗaura auren Sirin, yarinyar ba ta da laifi. Ulfa har yau tana gaya wa mutane cewa sun ɗauko tsohuwa don taimako ta saka musu da sharri. Lutfi ya hawo ta'aziyya da rago a bayan mota. Maza suka karɓi gaisuwarsa don ba a korar mai ta'aziyya, amma ragon ba wanda ya kwance shi, da shi ya koma. Liman ya yi mana wa'azi a kan yafiya, ya ce jini ɗaya ne, a bar wa Allah. Muka saurara har ya gama. Hadda ta ce, "Malam, mun bar wa Allah. Amma yafiya ta mai ƙafa ce, kuma na tambaye ta kafin ta cika. Ta ce a'a."